Su wane ne 'Latino'? Asalin sunan da yadda ma'anarsa ke sauyawa daga harshe zuwa harshe

A ranar 8 ga watan Satumban 2025, Kotun Ƙolin Amurka ta jingine wani umarni da wata kotun tarayya ta bayar a jihar California. Umarnin ya hana jami'an shige da fice tsayar da mutum a yankin Los Angeles don kawai kamanninsa, ko don yana magana da Sifaniyanci, ko don irin aikin ƙarfin da yake yi da wurin da aka gan shi. Cikin alƙalai uku da suka ƙi amincewa da jingine umarnin akwai Sonia Sotomayor, wadda iyayenta 'yan asalin tsibirin Puerto Rico ne. Da ita da leburorin da shari'ar ta shafa, suna ɗaya ake kiransu da shi a Amurka: Latino.

Kalmar tana yawan fitowa a labaran zaɓen Amurka, da na korar baƙin haure, da na waƙe-waƙe. Sai dai abin da Ba'amurke yake nufi da ita ya bambanta da abin da ɗan Italiya yake nufi, haka nan ɗan Sifaniya, da ɗan Brazil, da Balaraben Gaza. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma tarihin wannan suna ya nuna cewa duk wanda ya riƙe shi yana da wurin da yake son ja da mutane.

Daga ina kalmar ta fito?

Asalinta sunan ƙasa ne. A tsakiyar Italiya akwai wani yanki da mutanen da suke kira Latium, mazaunansa kuma Latini, harshensu Latin. Birnin Rum a cikin wannan yanki yake. Har yau yankin yana nan da sunan Lazio, wanda masu kallon ƙwallon ƙafa suka sani ta dalilin ƙungiyar da aka kafa a birnin a shekarar 1900.

Da Rumawa suka kafa daula, sai harshensu ya bi sojojinsu zuwa yammacin Turai. Bayan rushewar ɓangaren yamma na daular a shekara ta 476, Latin ɗin da talakawa ke magana da shi ya rarrabu sannu a hankali, ya haifi Sifaniyanci da harshen Fotugal da Faransanci da Italiyanci da harshen Romaniya. Shi kuwa Latin na littafi ya ci gaba da zama harshen cocin Katolika da na malaman jami'a har tsawon ƙarnoni. Haruffansa ne ake rubuta Hausar boko da su, bayan an ƙara masu lanƙwasa irin su ɗ da ƙ da ɓ.

Ita ma kalmar Hispanic, wadda ake haɗawa da Latino, daga bakin Rumawa ta fito. Hispania shi ne sunan da suka ba yankin da ya ƙunshi Sifaniya da Fotugal na yau, ƙasar da Musulmi suka sani da Andalus.

Yaya aka yi sunan ya tsallaka teku?

Sifaniya da Fotugal sun mallaki mafi yawan ƙasashen da ke kudu da Amurka ta yau kimanin shekara 300 bayan zuwan Columbus a 1492, amma a duk tsawon wannan zamani ba a kiran yankin Latin Amurka. Ko jagororin neman 'yanci irin su Simón Bolívar, 'yan nahiyar Amurka kawai suke kiran kansu.

Tunanin ya fara ne daga wani masanin tattalin arziƙi ɗan Faransa mai suna Michel Chevalier, wanda ya zagaya Amurka da Meziko da Kyuba. A littafin da ya wallafa a 1836, ya raba Turawa gida biyu: zuriyar Latin mabiya Katolika a kudu, da zuriyar Jamusawa da Ingilishi mabiya Furotesta a arewa. Ya ce wannan rabuwa ta maimaita kanta a sabuwar nahiyar, kuma Faransa ce ta cancanci jagorancin ɓangaren Latin.

Waɗanda suka fara haɗa kalmomin biyu su zama sunan yanki kuwa 'yan yankin ne da kansu, kuma tsoro ne ya sa su. A yaƙin 1846 zuwa 1848, Amurka ta ƙwace kusan rabin ƙasar Meziko, ciki har da California. A 1855 wani Ba'amurke ɗan kasada mai suna William Walker ya shiga Nicaragua da sojojin haya. A watan Mayun 1856 gwamnatin Amurka ta amince da gwamnatin da yake juyawa, daga bisani ya naɗa kansa shugaban ƙasa, ya kuma halatta bauta da aka riga aka haramta. A cikin wannan shekara ta 1856, ɗan gwagwarmayar Chile Francisco Bilbao ya yi amfani da sunan Latin Amurka a wani jawabi da ya gabatar a birnin Paris, shi ma marubucin Kolombiya José María Torres Caicedo ya sa shi a wata waƙa mai suna Las dos Américas, wato Amurka biyu. Dukansu kira suke yi ga ƙasashen kudu su haɗa kai kafin maƙwabciyarsu ta arewa ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan 'yan shekaru sai lamarin ya zama gaba kura baya sigaki. Sarkin Faransa Napoleon na Uku, wanda Chevalier ke ba shawara, ya fake da bashin da Meziko ta dakatar da biya, ya tura sojoji. Masu kare mamayar sun ce Faransa ta je ceton 'yan uwanta na Latin ne daga danniyar masu magana da Ingilishi. Sojojin Meziko sun fatattaki Faransawa a Puebla ranar 5 ga Mayun 1862, amma a shekara mai zuwa babban birnin ya faɗi, aka ɗora wani ɗan sarautar Austriya mai suna Maximilian a kan mulki a 1864. Cikin dakarun da Faransa ta yi amfani da su har da bataliyar sojojin Sudan kimanin 450 da Masar ta ba ta aro. Mamayar ta ƙare a 1867 da harbe Maximilian. Shugaban da ya kori waɗannan masu ikirarin 'yan uwantaka, Benito Juárez, ɗan ƙabilar Zapotec ne, wanda Sifaniyanci ba shi ne harshensa na farko ba.

Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan wanda ya fi cancanta a danganta wa sunan. A 1968 John Leddy Phelan na Amurka ya ce ƙirƙirar Faransa ce don halatta mamayar Meziko. A 1980 Arturo Ardao na Uruguay ya fito da hujjar cewa 'yan yankin sun riga ta. Abin da ya tabbata shi ne suna ɗaya ya yi wa masu adawa da mamaya aiki, ya kuma yi wa masu mamaya. Ya samu gindin zama a harkokin duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumar tattalin arziƙin Latin Amurka a 1948, mai hedikwata a birnin Santiago.

Yadda sunan ya shiga takardar ƙidayar Amurka

Ma'anar da duniya ta fi sani a yau a cikin Amurka aka ƙera ta, inda aka gajarta kalmar Sifaniyanci latinoamericano ta koma Latino. Kafin shekarun 1970, 'yan asalin Meziko da ke Texas da California, da 'yan Puerto Rico da ke New York, da 'yan Kyuba da ke Miami, ba su ɗauki kansu al'umma ɗaya ba. Matsalolinsu ma sun bambanta. 'Yan Puerto Rico 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917. 'Yan Kyuba da yawa gudun mulkin Fidel Castro suka yi. Wasu iyalan Meziko kuwa ba su taɓa ƙaura ba, iyakar ƙasa ce ta matsa ta haɗa da su.

A ƙidayar 1930 gwamnati ta sa Mexican a jerin launin fata, a daidai lokacin da ake korar dubban ɗaruruwan 'yan asalin Meziko daga ƙasar, ciki har da haifaffun Amurka. Bayan ƙorafin ƙungiyoyinsu da na gwamnatin Meziko, aka cire shi, aka koma lissafa su cikin fararen fata. Wannan ma ya zo da tasa illar: tun da ba su da gurbi na kansu, babu alƙaluman da za su nuna yawan talakawansu ko yaransu da ba sa makaranta, balle su nemi kasonsu.

Saboda haka 'yan gwagwarmaya suka matsa lamba a ƙidaya su. Gwajin da aka yi a 1970 ya gamu da cikas, domin mazauna jihohin kudu da na tsakiyar Amurka da dama sun zaɓi gurbin da aka ware wa 'yan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, suna zaton su ake nufi. A 1976 majalisar dokoki ta wajabta tattara bayanai a kan masu tushen Sifaniyanci, a 1977 ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ya amince da kalmar Hispanic, a 1980 kuma aka yi wa kowane gida tambayar. Masaniyar zamantakewa G. Cristina Mora ta nuna a littafinta na 2014 cewa ɓangarori uku ne suka haɗu suka raya wannan gurbi: ƙungiyoyin fafutuka masu neman tallafin gwamnati, da hukumar ƙidaya, da gidajen talabijin na Sifaniyanci masu son nuna wa 'yan talla cewa suna da babbar kasuwa.

Wasu sun ƙi kalmar Hispanic saboda tana jingina su da Sifaniya, ƙasar da ta yi wa kakanninsu mulkin mallaka. Su ne suka fifita Latino. A 1997 gwamnati ta haɗa kalmomin biyu a gurbi ɗaya, Latino ta fara bayyana a takardar ƙidaya a 2000. Adadin ya tashi daga mutum miliyan 14.6 a 1980 zuwa miliyan 62.1 a 2020, wato kashi 18.7 cikin 100 na al'ummar ƙasar.

Mene ne bambancin Hispanic da Latino?

A maganar yau da kullum, Hispanic ta dogara ne da harshe, Latino kuma da yanki. Bisa wannan, ɗan Sifaniya Hispanic ne amma ba Latino ba, ɗan Brazil mai magana da harshen Fotugal Latino ne amma ba Hispanic ba, ɗan Meziko kuwa ya haɗa duka biyun.

A wajen gwamnatin Amurka kalmomin abu ɗaya suke nufi, kuma ma'aunin shi ne tushen Sifaniyanci. Don haka ɗan Madrid yana ciki, ɗan Brazil yana waje. Idan ɗan Brazil ya rubuta kansa a gurbin, hukumar ƙidaya takan cire shi wajen tace bayanai. A wani binciken shekara-shekara na 2020 an yi kuskure ba a tace ba, sai cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa 'yan Brazil aƙalla 416,000, fiye da kashi biyu bisa uku na waɗanda ke Amurka, sun kira kansu da sunan da hukuma ta ce ba nasu ba ne.

Ko ɗaya daga cikin kalmomin biyu ba ya nufin launin fata. Marigayi Fafaroma Francis na Ajantina jikan Italiyawa ne. Tsohon shugaban Peru Alberto Fujimori ɗan Japanawa ne. Shugaban El Salvador Nayib Bukele yana da tushen Falasɗinu. Evo Morales na Bolibiya ɗan ƙabilar Aymara ne, Francia Márquez da aka zaɓa mataimakiyar shugaban Kolombiya a 2022 kuma baƙar fata ce. A Amurka duk kuɗin goro za a yi musu.

Me kalmar ke nufi a wasu harsuna?

A Italiyanci, latino sunan tsohon harshen ne da ake koyarwa a makarantun sakandare. A ƙamusun Sifaniyanci da na harshen Fotugal, ma'anarta ta asali ta haɗa duk al'ummar da harshenta ya fito daga Latin, har da Faransawa da 'yan Romaniya. A titunan Madrid da Barcelona kuwa, idan aka ce latino yau, ɗan ci-rani daga Kolombiya ko Ekwado ko Benezuwela ake nufi. Hukumomin Sifaniya sun fi son cewa Iberoamérica, sunan da ke sa su da Fotugal a tsakiyar da'irar, kuma da shi ake kiran taron shugabannin da aka fara a 1991.

A Brazil mutane da yawa ba sa jin sunan ya shafe su, suna ganin na maƙwabtansu masu Sifaniyanci ne, sai sun je Amurka su tarar an sa su a ciki. A Faransanci an aro kalmar ne da ma'anarta ta Amurka, galibi a fagen kiɗa da rawa, duk da cewa Faransanci ɗan Latin ne. Wannan ya bar wasu tambayoyi a buɗe: ana yawan lissafa Haiti cikin Latin Amurka, amma ba a lissafa lardin Quebec na Kanada, alhali dukansu da Faransanci suke aiki.

A gabas kalmar ta ɗauki ma'anar addini. Girkawan Daular Rum ta Gabas suna kiran Kiristocin yamma da suna Latin, kuma haka ake kiran daular da mayaƙan Salibiyya suka kafa a birnin Kustantiniya daga 1204 zuwa 1261. Larabci ya gaji wannan. A Falasɗinu da Jodan, Latin na nufin mabiya Katolika masu bin tsarin ibadar Rum. Cocin Katolika ɗaya tilo da ke Gaza, mazauna garin Dairul Latin suke kiransa, kuma masu ibada a cikinsa Larabawa ne.

Akwai kuma ƙanwar kalmar, wato ladino. Ita ce sunan harshen Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492. A Guatemala tana nufin wanda ba ya cikin ƙabilun asali. A zamanin cinikin bayi kuma, ladino shi ne bawan da ya iya harshen ubangidansa, saɓanin sabon kamu da aka sauke daga jirgi.

A Hausa, kafofin labarai sukan ce Latin Amurka ko Kudancin Amurka kamar abu ɗaya ne. Akwai bambanci. Meziko tana Arewacin nahiyar ne amma tana cikin Latin Amurka, Guyana da Suriname kuwa suna Kudancin nahiyar amma da Ingilishi da harshen Holan suke aiki. Ƙari a kan haka, tun da Amurka a bakin Bahaushe sunan ƙasa ce, mai sauraro yana iya ɗaukar Kudancin Amurka a matsayin jihohi irin su Texas, irin ruɗanin da ya ɓata ƙidayar 1970.

Su wa sunan ya bari a waje?

Babban sukar da ake yi wa sunan ita ce ya ɗauki gadon Turai kaɗai ya rufe sauran. Miliyoyin mutane a yankin suna magana da Quechua da Aymara da Nahuatl da harsunan Maya. Guaraní harshen hukuma ne a Paraguay tare da Sifaniyanci. Ƙungiyoyin 'yan asalin nahiyar da dama sun fi son sunan Abya Yala, wanda aka aro daga al'ummar Guna ta Panama.

Haka batun yake ga 'yan asalin Afirka. Cikin bayi kimanin miliyan 10.7 da suka isa nahiyar da rai, kusan miliyan 5 a Brazil aka sauke su, yayin da waɗanda aka kai ƙasar Amurka ta yau kai tsaye ba su kai 400,000 ba. Cikinsu akwai Hausawa, da yawa daga waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804. Takardun hukuma na jihar Bahia sun ambace su a yunƙurin tawaye na 1807 da 1809 da 1814. A watan Azumin 1835 kuma bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da aka sani da Malê a birnin Salvador, aka samu takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Jikokin irin waɗannan mutane ne ake kira Latino a yau. A ƙidayar Brazil ta 2022, fiye da rabin al'umma sun bayyana kansu a matsayin baƙaƙe ko ruwa biyu. Wannan ne ya sa masaniya Lélia Gonzalez ta ba da shawarar sunan Améfrica Ladina, don a ji Afirka a cikinsa.

Sunan bai kawar da wariya a tsakanin masu ɗauke da shi ba. A Oktoban 2022 shugabar majalisar birnin Los Angeles, Nury Martinez, ta yi murabus bayan fitar wani faifan murya da aka ji ta tana aibata wani yaro baƙar fata da 'yan ƙabilun asali daga jihar Oaxaca ta Meziko. Hirar da aka naɗa a kan shata mazaɓu ake yin ta.

Latino, Latina ko Latinx?

Sifaniyanci yana bambanta jinsi kamar yadda Hausa ke cewa Bahaushe da Bahaushiya. Namiji Latino ne, mace Latina. Sai dai Hausa tana da jam'in Hausawa da ya haɗa kowa, shi kuwa Sifaniyanci jam'in maza yake amfani da shi ko da namiji ɗaya ne cikin mata ɗari. Don kauce wa wannan, da kuma shigar da waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata, wasu 'yan jami'a da masu fafutuka a Amurka suka ƙirƙiro Latinx, wadda ta shiga ƙamus na Merriam-Webster a 2018. A ƙasashen Sifaniyanci wasu sun fi son Latine, don ta fi sauƙin furtawa.

Kalmar ba ta samu karɓuwa sosai ba. Binciken Pew da aka wallafa a 2024 ya nuna kashi 47 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa sun taɓa jin Latinx, amma kashi 4 kacal ke kiran kansu da ita. Kashi 52 sun fi son Hispanic, kashi 29 Latino. Duk da haka ta zama makamin siyasa: a Janairun 2023 gwamnar Arkansas, Sarah Huckabee Sanders, ta haramta ta a takardun gwamnatin jihar a ranar da ta kama aiki.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci?

Da alƙaluman wannan gurbi ake shata mazaɓu, a raba kuɗin tarayya, a shigar da ƙarar nuna wariya. A zaɓen 2024, kimanin mutum miliyan 36 daga cikinsu ne suka cancanci jefa ƙuri'a, kuma jam'iyyun biyu sun zuba kuɗi wajen neman abin da suke kira ƙuri'ar Latino. Sakamakon ya nuna ba ƙuri'a ɗaya ba ce. Donald Trump, wanda ya yi yaƙin neman zaɓe da alƙawarin korar baƙin haure, ya samu kusan rabinta. Ƙaramar hukumar Starr da ke iyakar Texas da Meziko, inda kusan kowa ɗan wannan gurbi ne, ta zaɓi ɗan takarar Republican karo na farko cikin fiye da shekara 100.

A Maris ɗin 2024 gwamnatin Amurka ta sake dokar tattara bayanai, ta haɗa tambayar launin fata da ta asali wuri ɗaya, inda Hispanic ko Latino zai tsaya a jere da fari da baƙi. Wasu ƙungiyoyin baƙaƙen Latino sun yi gargaɗin cewa hakan na iya rage adadinsu a ƙidayar 2030.

Su kansu mutanen, da Pew ta tambaye su a 2019 da wane suna suka fi kiran kansu, kashi 47 cikin 100 sun ambaci ƙasar da iyayensu suka fito, kamar Meziko ko Kyuba ko El Salvador. Kashi 39 ne suka ce Hispanic ko Latino, kashi 14 kuma suka ce su Amurkawa ne kawai.